Yadda ake ba da labarin hawan keke da motsa jiki na kullum da Italiyanci

A garuruwan da ke kwarin kogin Po a arewacin Italiya, irin su Ferrara da Modena da Padova, keke ba abin yara ba ne. Ƙasar a shimfiɗe take kamar tabarma, shi ya sa za ka ga tsohuwa da kwandon cefane a gaban kekenta, ga ma'aikacin banki da kwat ɗinsa a bayanta, kowa yana taka feda. A mashigar Ferrara har alluna aka kafa masu cewa “città delle biciclette”, wato birnin kekuna. Mu ma da muka zo daga Kano, ko Agadez, ko zangon Kumasi, yawancinmu keke ne abin hawanmu na farko a nan, shi ke kai mu masana'anta da gona da masallaci.

To, abin da kake yi kullum shi ake tambayarka kullum. Abokin aiki zai ce “Come vieni al lavoro?”, da me kake zuwa aiki? Likita zai ce “Fa attività fisica?”, kana motsa jiki? Wanda yake shirin jarrabawar Italiyanci ta matakin A2 da ake nema wajen samun takardar zama ta dogon lokaci, ko B1 da ake nema wajen zama ɗan ƙasa tun ƙarshen 2018, labarin yadda yake tafiyar da yininsa na cikin abin da ba zai kauce masa ba. Abin da na gani a ajin CPIA, makarantun gwamnati na manya inda baƙi ke koyon harshen, shi ne mutanenmu suna haddace kalmomi ɗari amma da an yi musu tambaya sai su ce “sì, bici” su yi shiru. Ba kalmomi ne suka yi musu kaɗan ba, jimla ce babu. Jimloli shida ko bakwai na gaskiya a kan rayuwarka sun wadatar, ga yadda ake gina su.

Mataki na farko: gyara baki

Bahaushe yana da sa'a a nan fiye da yadda yake zato. Kalmar “bici”, wadda ita ce gajeriyar “bicicletta” kuma ita kowa ke faɗa a titi, ka karanta ta kamar Hausa ce: ci ɗin nan shi ne ci na cin abinci. Harafin c kafin i ko e haka yake fita. In an sa masa h sai ya koma k, don haka “chilometro” kilometro ne. Shi ma g kafin i ko e j ne: “giro” jiro, “giorno” jorno. Kuma yadda muke bambanta daba da dabba, haka su ma suke ninka baƙi, ma'ana ta canza. “Sete” ƙishirwa ce, “sette” bakwai. Turawa da yawa suna shan wahala a kan wannan, mu kuwa da shi muka tashi.

Inda muke tuntuɓe wuri biyu ne. Na ɗaya p, wanda bakinmu ke mayarwa f. Ka haɗa leɓɓanka gam ka sake su da ƙarfi: “pedale”, “palestra”, “pista”, “pompa”. Na biyu v, wanda muke mayarwa b. Haƙoran sama a kan leɓen ƙasa: “vado”, “volta”, “venti”. Ka ba wa waɗannan kalmomi bakwai minti biyu kowace safiya har mako guda, domin waɗannan sautuka biyu za su yi ta dawowa a duk maganar da ke ƙasa.

Mataki na biyu: aikatau biyu da ke ɗauke da komai

Kusan duk hirar motsa jiki a kan “andare” (tafiya) da “fare” (yi) take tsaye. Dukansu ba sa bin ƙa'idar sauran aikatau, sai hadda. Andare: vado, vai, va, andiamo, andate, vanno. Fare: faccio, fai, fa, facciamo, fate, fanno. Jerin shi ne ni, kai ko ke, shi ko ita, mu, ku, su. Ba sai ka sa “io” a gaba ba, “vado” kaɗai ya riga ya nuna kai ne mai tafiyar.

A nan Hausa takan ja mutum ta ɓatar da shi. Mu muna cewa hawa keke ko tuƙa keke, sai mai koyo ya nemo “salire” ko “guidare”. “Salire in bici” ɗarewa kan sirdin ne kawai, wannan ɗan lokacin da kake ɗaga ƙafa. “Guidare” kuwa na mota ne. Ɗan Italiya tafiya yake yi a keke: “vado in bici”. Haka ma “in autobus”, “in treno”, “in macchina”. Ƙafa ce kaɗai ta fita daban, “a piedi”.

Sai wurin da za ka. Waɗannan ma da ɗan harafinsu ake haddace su, kamar kalma guda: “al lavoro” wurin aiki, “a scuola” makaranta, “al parco” lambun shaƙatawa, “al mercato” kasuwa, “in palestra” gidan motsa jiki, “in piscina” wurin ninƙaya, “in moschea” masallaci. Jimlarka ta farko ta fito ke nan: “Vado al lavoro in bici.”

Fare kuma shi ke ɗaukar aikin jiki: “faccio sport”, “faccio ginnastica”, “faccio una passeggiata” in tattaki ne, “faccio un giro in bici” in zagayen shan iska ne ba zuwa aiki ba. Ƙwallo ce ba ta shiga nan, tana da nata aikatau: “gioco a calcio”.

Mataki na uku: ina “nakan” yake?

Wannan shi ne zuciyar al'amarin, kuma a nan na fi so ka daɗe. Hausa tana da lokaci sabau, nakan, kakan, yakan, wanda ya bambanta da ina, kana, yana. “Nakan je aiki a keke” daban, “ina zuwa aiki a keke” daban. Mai koyo yakan ɓata watanni yana neman kishiyar wannan a Italiyanci. Babu ita. “Vado” ɗin nan guda shi ne nakan je, shi ne ina zuwa, wani lokaci ma shi ne zan je. Abin da ke nuna sabo ne ba na yau kaɗai ba, kalmar lokaci ce da kake liƙa masa.

Mafi ƙarfi su ne “ogni giorno” da “tutti i giorni”, duka biyun kullum ke nan. Ka lura “ogni” tilo yake bi, ba a cewa ogni giorni. Daga nan sai a sauko: “sempre” ko da yaushe, “di solito” galibi, “spesso” sau da yawa, “a volte” wani lokaci, “raramente” da wuya. In ana neman wadda ta fi kusa da nakan, “di solito” ce, kuma ita nake ba sabon zuwa shawarar ya fara jimlarsa da ita: “Di solito vado al lavoro in bici.”

Korewa tana da ƙafa biyu kamar ba … ba ta Hausa, “non” a gaban aikatau, “mai” a bayansa: “Non vado mai in palestra”, ba na zuwa gidan motsa jiki sam. Kada ka yar da “non” ɗin.

In kana son ƙidaya, kalmar sau ita ce “volta”, jam'inta “volte”: “una volta alla settimana” sau ɗaya a mako, “tre volte alla settimana” sau uku, “due volte al giorno” sau biyu a rana.

Akwai kuma wata 'yar dabara da kwanakin mako wadda ta fi kowace kama da sabau ɗinmu. Kwanakin su ne lunedì, martedì, mercoledì, giovedì, venerdì, sabato, domenica. In ka sa “il” a gaban ranar, ta zama kowace irin wannan rana. “Il sabato gioco a calcio”, duk Asabar nakan buga ƙwallo. In ka cire shi, “Sabato gioco a calcio”, Asabar mai zuwa ce kawai kake nufi. Lahadi mace ce, don haka “la domenica”. Wannan ƙaramin harafi ne ke raba mai ba da labarin al'adarsa da mai yin alkawari, kuma ya sha haɗa mutane saɓani a kan lokacin haɗuwa. Mai neman ya bayyana wa shugabansa a wurin aiki cewa duk Juma'a yana zuwa masallaci ma da shi zai yi: “Il venerdì vado in moschea.”

Mataki na huɗu: nisa, tsawon lokaci, da tun yaushe

Da zarar ka ce a keke kake zuwa, tambaya ta gaba ita ce “Quanto ci metti?”, minti nawa kake yi? Amsar “Ci metto venti minuti.” Wannan “ci” ɗin kada ka nemi fassararsa, ka ɗauke shi tare da “metto” kamar tagwaye. In ba kanka kake magana a kai ba, hanyar ce, sai a ce “ci vuole mezz'ora” ga tilo, “ci vogliono venti minuti” ga jam'i.

Nisa da fare ake faɗinsa: “Faccio dieci chilometri al giorno, cinque all'andata e cinque al ritorno”, kilomita goma a rana, biyar zuwa biyar dawowa.

Ita kuma “Da quanto tempo?”, tun yaushe, a nan Hausa ta fi Ingilishi taimakonka. Muna cewa shekara uku ke nan ina hawa keke, aikatau yana nan a lokaci mai ci domin ba a daina ba. Italiyanci ma haka: “Vado in bici da tre anni.” Waɗanda suka fara koyon Ingilishi ne suke kai wannan jimla shuɗaɗɗen lokaci su lalata ta. Ka bi tunaninka na Hausa, za ka dace.

Mataki na biyar: aikatau masu komawa kan mai yi

Tashi daga barci, atisaye, ɗumama jiki da hutawa duk suna zuwa da “mi” a gaba in kai ne: “mi alzo” ina tashi, “mi alleno” ina atisaye, “mi riscaldo” ina ɗumama jiki, “mi riposo” ina hutawa. Ga abokinka “ti”, ga wani “si”, ga mu “ci”. Ƙarfe nawa kuma “alle” ne: “Mi alzo alle sei”, “Mi alleno alle sette di sera”. Ƙarfe ɗaya ne kaɗai “all'una”. Gudu “vado a correre”, ninƙaya “vado a nuotare”, tura ƙasa da hannu “faccio le flessioni”.

Lokacin azumi abokan ƙwallo za su tambaye ka me ya sa ba a ganinka da yamma. Jimla ɗaya ta isa: “Durante il Ramadan mi alleno dopo il tramonto”, a watan azumi bayan faɗuwar rana nake atisaye. Yanayi ma yana canza al'ada, kuma “se” da “quando” ne ke buɗe wannan ƙofa: “Se piove, prendo l'autobus”, in ana ruwa bas nake shiga. “Quando c'è nebbia, vado piano”, in akwai hazo a hankali nake tafiya. Hazon kwarin Po na hunturu ba irin namu na ƙura ba ne, jiƙaƙƙe ne mai sanyi, yakan rufe hanya har ba ka ganin motar da ke gabanka.

Mataki na shida: jiya da dā

Shuɗaɗɗen lokaci iri biyu kake buƙata. Abin da ya faru sau ɗaya ya wuce: “Ieri ho fatto venti chilometri”, jiya na yi kilomita ashirin, “Stamattina sono andato al lavoro in bici.” Fare yana tafiya da “ho”, andare da “sono”, kuma duk aikatau mai tafiya da “sono” yana nuna jinsi, kamar yadda muke raba ka tafi da kin tafi. Namiji “sono andato”, mace “sono andata”. Haka “sono caduto” da “sono caduta dalla bici”, na faɗo daga keke.

Abin da ka saba yi dā kuwa, a nan ne Italiyanci yake da sabau na kansa, ana ce masa “imperfetto”: andavo, facevo, giocavo. “Da ragazzo andavo a scuola in bici”, ina yaro nakan je makaranta a keke. Mace ta ce “da ragazza”. Ina son wannan jimla ƙwarai domin takan buɗe hira. Dattawan nan da yawa a kan keke suka yi ƙuruciyarsu bayan yaƙin duniya na biyu, in ka ba su labarin hanyar makarantarku ta yashi sai su ba ka nasu, a wayi gari ka sami maƙwabcin da ke gaishe ka da sunanka.

Mataki na bakwai: jiki da likita

Mu ƙishirwa kama mu take yi, ko mu ji ta. Su mallakarta suke yi: “ho sete”, “ho fame” yunwa, “ho caldo” zafi, “ho freddo” sanyi. Gajiya ce take zuwa da “sono”: “sono stanco”, mace “sono stanca”.

Ciwo da “mi fa male” ake faɗinsa in gaɓa ɗaya ce, “mi fanno male” in sun fi ɗaya. “Mi fa male la schiena”, bayana yana ciwo. “Mi fa male il ginocchio”, gwiwa, ana furta ta jinokkiyo. “Mi fanno male le gambe”, ƙafafu. Haki bayan hawa gada “ho il fiatone”, wannan ba abin damuwa ba ne. Amma akwai uku da nake roƙonka ka riƙe ko da ka manta sauran: “mi manca il fiato”, numfashina yana ɗaukewa, “mi gira la testa”, ina jin jiri, “ho un dolore al petto”, ƙirjina yana ciwo. In irin wannan ya same ka a hanya, ko ya sami wani, 118 ce lambar motar asibiti, 112 kuma ta gaggawa ce gaba ɗaya.

Likita da “Lei” zai yi maka magana, wato kalmar girmamawa, kai ma da ita za ka mayar masa, kamar yadda ba ka ce wa dattijo kai sai ku. Shi ya sa yake cewa “Fa sport?” ba “Fai sport?” ba. Kuma in za ka yi rajista a gidan motsa jiki ko ƙungiyar ƙwallo ta unguwa, galibi za su nemi “certificato medico”, takardar shaidar lafiya, wadda akan haɗa da gwajin bugun zuciya. Ka ce wa likitanka: “Mi serve un certificato medico per la palestra.” Biya ake yi, kuma shekara guda take aiki.

Mataki na takwas: wajen mai gyara da kan titi

Sassan keke da dama mata ne masu ƙarewa da a, kamar a Hausa: “la ruota” ƙafar keke, “la gomma” taya, “la camera d'aria” tiyub, “la catena” cen, “la sella” sirdi. Maza su ne “i freni” birki, “il manubrio” kan keke, “il campanello” ƙararrawa, “il casco” hular kwano, “il lucchetto” kwaɗo. In ka yi faci, “ho bucato”. In cen ya zame, “è caduta la catena”. In birki ba ya ci, “i freni non funzionano”. Kafin ya taɓa keken ka tambaya “Quanto costa?” A manyan garuruwa ka nemi “ciclofficina”, wurin da 'yan sa kai ke ba ka kayan aiki su nuna maka ka gyara da kanka, can ma makarantar harshe ce ta kyauta.

Dokar hanya ta wajabta fitila ta gaba da ta baya da ƙararrawa. In akwai “pista ciclabile”, hanyar kekuna, a kanta ake so ka bi. A wajen gari kuma, daga rabin awa bayan faɗuwar rana zuwa rabin awa kafin fitowarta, dole ne ka sa riga mai ƙyalli, “il giubbotto catarifrangente”. Wannan ba maganar tara ba ce kawai. Masu fita aikin asuba da masu dawowa daga gona da dare a bakin manyan hanyoyi, cikin duhu da baƙaƙen kaya, su ne muka fi jin an buge, kuma da yawansu 'yan'uwanmu ne baƙi. Satar keke ma ta yi yawa, in ta faru, ka je ofishin Carabinieri, wato jandarmomin Italiya, ko na 'yan sanda ka ce “Mi hanno rubato la bici, vorrei fare denuncia.”

Mataki na tara: mayar da tambaya, sannan ka haɗa naka

Hira ba ta tafiya da amsa kaɗai. Bayan kowace jimla biyu ka ce “E tu?”, ko “E Lei?” ga babba. In watan Mayu ne ka tambaya “Segui il Giro?”, kana bin gasar Giro? Gasar tseren keke ta Giro d'Italia tun 1909 ake yin ta, wanda ke kan gaba yana sa riga ruwan hoda, “la maglia rosa”, launin takardar jaridar La Gazzetta dello Sport da ta ƙirƙiro gasar. Tsofaffi har yau suna musu a kan wanda ya fi tsakanin Fausto Coppi da Gino Bartali, zakarun tseren keke na dā. Kai ma kana da abin faɗa: a 2022 Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci zango na 10 a garin Jesi, ya zama baƙar fatar Afirka na farko da ya ci zango a ɗaya daga manyan gasannin keke uku na Turai. In kuma ka yi ƙorafin gajiya aka ce maka “Hai voluto la bicicletta? E adesso pedala!”, ba faɗa ba ne, karin magana ce: ka so keke, to taka feda. Ita ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Yanzu ɗauki takarda ka rubuta naka, da lambobinka na gaskiya, domin abin da ba gaskiya ba baya zama a ka. Ga fasalin: “Mi alzo alle cinque e mezza. Di solito vado al lavoro in bici e ci metto venticinque minuti. Faccio dodici chilometri al giorno. Vado in bici da due anni. Se piove forte, prendo l'autobus. La domenica gioco a calcio con gli amici. Non vado mai in palestra, ma la sera faccio le flessioni a casa.” Ka kai wa malamarka ko abokin aikin da ka yarda da shi ka ce “Mi correggi, per favore?” Bayan an gyara, ka naɗi muryarka a waya ka saurara, kana kasa kunne ga p da v da baƙaƙe masu ninki. Daga nan ka riƙa faɗinsu da ƙarfi a kan keken kowace safiya, ba tare da abin saurare a kunne ba. A mako na biyu ka mayar da su duka jiya da “ho” da “sono”, a na uku ka mayar da su zamanin ƙuruciya da andavo da facevo, a na huɗu kuma ka ba da labarin abokinka da “va”, “fa”, “si alza” da “ci mette”.